Bayan Ɗakin Iya

Mandawari, Kano
6 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu Malam Umaru, Nguru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibai. Ya ƙafar? Ranar nan na gwada kiranka a waya, ina ta ihu har maƙota suka leƙo, kai kuma kana ta cewa "wa ke magana?" Shi ya sa na koma takarda. Salihu direba zai kawo maka, in ka ba da amsa shi zai dawo da ita.

Kawu, an shafa wa gidanmu jan fenti. Titin nan da aka yi shekaru ana cewa za a faɗaɗa ya iso, kuma ta tsakiyarmu zai bi. Soro, ɗakin Iya, rijiya, har bishiyar lallen da ke baya, duk sun shiga. An ba mu zuwa ƙarshen wata, daga nan sai motar rusau.

Yaya Hashim ya samo mana gida can bayan Ƙofar Kabuga, wajen Rijiyar Zaki. Ɗaki uku ne da tsakar gida ta siminti wadda in rana ta take ba ta takuwa. Babu rijiya, sai dai 'yan garuwa. Mai sa tagogi ya sa biyu ya ɓace, wayarsa a kashe. Ni kullum in na tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in hau adaidaita in je in ga abin da ba a yi ba, in dawo in ɗaure kaya. 'Ya'yana Ikram da Mero sun ƙi cin abinci saboda za a raba su da ƙawayensu. Tun rasuwar babansu ban yi gajiya irin wannan ba. Jiya a sujada na kama kaina ina tunanin inda za a sa turmi, wallahi har kunya na ji.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya sa na rubuto shi ne ƙanwarka. Iya ta ce ba inda za ta. Ba ta yi faɗa ba, ka san ta. Ta dai ce mu tafi Allah Ya kiyaye hanya, ita a bar ta a ɗakinta. Na ce Iya, ɗakin ne fa za a rushe. Ta ce to. Na ɗaure kwanukanta a buhu, na je makaranta na dawo na tarar ta kwance su ta jere a inda suke. Sau uku ke nan.

Na san a gidan nan aka haife ta, a nan aka ɗaura mata aure da ɗan baffanta, daga wannan ɗaki zuwa wancan kawai aka kai ta. Ba ta taɓa kwana wata guda a wani waje ba. Na fahimta. Amma masu motar nan ba za su tsaya fahimta ba, kuma ina tsoron ranar da za a ce sai an ɗauko ta cak a gaban mutanen unguwa. In hakan ta faru ba na jin za ta ƙara ɗaga ido ta kalle mu.

Maganarka kaɗai take ji. Don Allah ka rubuto mata wani abu, ni zan karanta mata tunda idon nata sai a hankali. Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Zaituna

*

Nguru
9 ga Afrilu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Zaituna. Aminci ya tabbata a gare ki da mahaifiyarki da yara. Bayan haka, takardarki ta iso, na karanta, na ji. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa ya riga ya yi gaba, muna biye.

Labarin gida ya taɓa ni. A soron nan na yi sauka, a nan aka wanke mahaifinmu. Amma ki sani kakanninmu ma ba a Mandawari aka halicce su ba. Daga Kukawa suka taso da alluna a bayan jakuna, ba su san inda za su kwana ba, Allah Ya saukar da su a nan. Yau Ya ce a ƙara gaba, sai a ƙara. Ki rage wa kanki lissafin turmi. Ki yi abin da hannunki ya kai, sauran ki bar wa Mai shi.

Wannan kuma ki karanta wa Aisa. Aisa, yayanki ne Umaru. Ubangijin da kike roƙo a Mandawari Shi ne a Rijiyar Zaki, ba a bar Shi a baya in an tashi. Katanga ƙasa ce. Kada ki wahalar da yaran nan, kin ga Zaituna marainiya ce da marayu a hannunta. Ki tashi ki bi su, kuma ki tashi da daɗin rai.

Ki gaida Hashim, ki ce masa ya sassauta harshe, na san halinsa. Allah Ya sa ku sauka lafiya.

Wassalam,
Umar ɗan Alaramma Abubakar

*

Mandawari
16 ga Afrilu

Kawu, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan an tashi lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan buhun kaya nake yi, an riga an kwashe teburin.

Na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sai ta ce, "Yaya Umaru ne ya rubuta haka? Shi da ya fi kowa sanin abin da ya zaunar da ni?" Ta juya ta fuskanci bango. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Ni kuma da wautata sai na ɗauka ƙarancin tawakkali ne. Na je na ɗauko malamarmu ta Islamiyya ta zo ta yi mata wa'azin haƙuri kusan awa guda. Iya ta ba ta goro, ta raka ta har soro, ta dawo ta ce min, "Zaituna, ni za ki kira wa mai koya min Allah?" Kawu, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Shekaranjiya abin ya fashe. An fara rushe gidajen bakin layi, ƙura har cikin miyarmu. Yaya Hashim ya zo da kafinta zai cire kwanon rufin ɗakinta, wai in ta ga sama a buɗe ai dole ta fito. Na hana shi, ya ture ni. Kafinta ya kai tsani bayan ɗakin zai jingina, wajen gindin lallen nan. Ban taɓa ganin Iya ta yi gudu ba sai ranar. Ta riƙe tsanin da hannu biyu ta ce, "Ɗauke ƙafarka daga nan! Akwai mutum a wajen!" Yaya ya ce wane mutum? Ta ce, "Ku tafi abinku. Ni ba zan bar shi motoci su riƙa bi ta kansa ba."

Na rasa wanda zan tambaya sai Gwaggo 'Yardada ta gidan maƙota, ita kaɗai ta rage cikin tsofaffin layin. Ta yi ta kwana-kwana, sannan ta ce Iya ta haihu kafin Yaya Hashim. Namiji. Bai kai suna ba. Ta ce a zamanin jaririn da bai kai suna ba a bayan ɗakin uwarsa ake sa shi, ita dai ba ta ga binnewar ba amma ai haka ake yi.

Kawu, shekarata talatin da tara a gidan nan ban san ina da wani wa ba. Tun muna yara kullum da safe sai ta share wajen nan ta yayyafa ruwa. Ba a zubar da ruwan wanke-wanke a can, ba a wasa a can, na sha duka a kan haka. Mun ɗauka lallen take ji da shi.

To yanzu ya zan yi? Yaya ya ce a tona a kwashe abin da aka samu a kai maƙabarta. Na gaya mata, ta ce duk wanda ya sa fartanya a wajen ba ta yafe ba. A bar shi ba ta yarda ba, a tona ba ta yarda ba. Saura kwana goma sha huɗu. An yanke mana wuta, rabin kayanmu na can rabi na nan, yara na kwana gidan Yaya, ni ina tsakiya kamar tsumman da ake ja. Ina addu'a, wallahi ina yi, amma wani lokacin sai in ji kamar a cikin tulu nake magana. Allah Ya yafe min.

Ta ce ka sani. In ka sani, me ya sa ka rubuto mata zancen jakuna? Ka yi haƙuri da bakina, gajiya ce. Ka faɗa min abin da shari'a ta ce, ka kuma faɗa min abin da zan ce da ita.

'Yarka,
Zaituna

*

Nguru
19 ga Afrilu

Da sunan Allah.

Zaituna, aminci a gare ki. Ba ki yi laifi ba, ni na cancanci fiye da abin da kika faɗa. Na karanta takardarki sau uku, na sallami ɗalibai, na kasa karatu ranar. Kada a tona. Babu kowa a wajen.

Ki saurara da kyau don ki iya maimaitawa. Shekara arba'in da bakwai ke nan, da damina. Aisa tana da shekara goma sha bakwai. Ta haihu ranar Talata, zazzaɓi mai zafi ya kama ta tun a daren, ba ta san wanda ke kanta ba har kwana shida. Yaron ya zo da rai, ya yi kuka, ya yi kwana huɗu ana ba shi madarar akuya da ɗan cokali. Ranar Asabar da hantsi ya koma.

Tsofaffin mata sun so a sa shi a bayan ɗaki yadda aka saba. Mahaifinmu ya hana. Ya ce wanda ya yi kuka a duniya mutum ne cikakke, a yi masa wanka da salla a kai shi cikin Musulmi. Ni na ɗauke shi a hannuna, a naɗe cikin rawanin Baba, muka taka da ƙafa har maƙabartar Ɗan Agundi, mu biyar, ana yayyafi. Ni na shiga na kwantar da shi.

Abin da ke gindin lallen mabiyiya ce, wadda ke biyo jariri wajen haihuwa. Ungozoma ta binne ta a nan ranar haihuwa, ta kifa tsingaro a kai. Yanzu na gane abin da ya faru. Aisa ta farfaɗo ba ta ga ɗa ba, ta zaga wanka ta ga sabuwar ƙasa, ta ɗauka shi ne. Ba za ta tambaya ba, don ɗan fari ne. Kin san al'adarmu: mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi, ko mutuwa ya yi ba ta kuka a gaban mutane. Mu ma ba mai tunkararta da zancen, ai cin fuska ne. Mahaifinku shi ma kunyar ta hana shi, ko maƙabartar bai bi mu ba. Kowa ya ɗauka wani ya gaya mata. Shekara na zagayowa na taho Nguru. Ba ki taɓa lura tana kiran Hashim da sunansa gatsau ba, alhali kowa na ce masa ɗan fari?

Na sha zuwa gidan na gan ta tana sharar wajen. Ni ma lallen na ɗauka. Ina karantar da mutane hukuncin jana'iza shekara arba'in, ƙanwata na gadin tsingaro ban sani ba. Allah Ya yafe min, ita ma ki roƙar min ita.

In ta tambayi kabarin, ki faɗa mata gaskiya: ba zan iya nuna shi yanzu ba. Ta gabas ne, kusa da wata tsamiya, amma an yi ta binne mutane a kai a kai, ban ma san ko tsamiyar na nan ba. Ni na manta, waɗanda muka je da su sun mutu. Wanda muka damƙa wa shi ranar bai manta ba.

Ban sani ba ko wannan zai sauƙaƙa mata ko zai ƙara mata. Na yi istihara kafin in rubuta. Ki zaɓi lokacin da ba kowa, ki karanta mata duka, kada ki rage komai don ki kare ni.

Wassalam,
Umar

*

Rijiyar Zaki, Kano
2 ga Mayu

Kawu, assalamu alaikum. Muna gaisuwa, ni da yara da Yaya Hashim. Ka ga adireshin ya canza. Mun tare ranar Lahadi, mu duka.

Kwana biyu takardarka na cikin jakata na kasa. Ta ya zan ce wa mutum abin da ya yi shekara arba'in da bakwai yana yi a kan kuskure ne? Ranar Laraba bayan la'asar na rufe ƙofar soro, na same ta a bayan ɗakin a kan tabarma, na zauna na karanta. Ban rage komai ba.

Ta saurara har na gama. Sai ta ce in koma wajen kwana huɗun. Na koma. Ta ce, "Huɗu?" Na ce huɗu. Ta ce ita ta ɗauka ko yini bai yi ba. Ta ce in sake karanta wajen madarar, na sake. Ta tambaya ya sha da yawa? Na ce ba ka faɗa ba.

Daga nan ta fashe. Kawu, ban taɓa jin kukan Iya da murya ba, ko ranar da Baba ya rasu. Ta zage ka, ba zan ɓoye maka ba. Ta ce kai da Alaramma da mijinta duk kun iya karatu amma ba wanda ya iya buɗe baki. Ta ce ita ma haka, da ta tambaya sau ɗaya me zai ci ta? Na riƙe ta muna yi tare har aka kira magariba. Da ta idar da salla sai ta ce, "Ni na ɗauka ni nake gadinsa. Ashe ko inda yake ban sani ba, kuma ba abin da ya same shi." Ta ce in miƙo mata buhu. Da hannunta ta zuba kwanukan.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya miƙe. Motar kayan da aka ce ƙarfe takwas sai azahar ta zo. Gadonta na ƙarfe ya ƙi fita ta ƙofa sai da aka fasa bango. Tulun Hajiya kakarmu ya fashe a hanya. Gwaggo 'Yardada ta riƙe zanin Iya a bakin layi tana kuka, ita Ɗorayi jikokinta za su kai ta, sun san da wuya su ƙara haɗuwa. Ni dai ban waiwaya ba, na san in na waiwaya ba zan iya shiga motar ba.

Da muka fito titi Iya ta ce da Yaya ya bi ta Ɗan Agundi. Ya buɗe baki zai ce ba hanya ba ce, na taka masa ƙafa. Muka zaga. Ta sauka ta tsaya a jikin katangar maƙabartar daga waje, ta ɓangaren gabas, da rana tsaka, masu adaidaita na ta yi mana hon. Ta ɗaga hannu ta daɗe. Akwai tsamiya har uku, ba mu san wacce ba ce. Ba ta ce a nemo ba.

An rushe gidan ranar Talata. Yaya ya je ya gani, ya dawo bai ci abinci ba. A nan kuwa har yau taga ɗaya buhu ne a jiki, sauro kamar a zuba a kwano, masallaci da nisa ba ma jin kiran salla sosai sai mun duba waya. Sai na hau mota biyu kafin in kai makaranta. Iya ba ta saba da tayil ba, ta zame sau ɗaya, Allah Ya tsare. Ba ta cika magana ba, amma tana cin abinci. Ni kuma na gaji har cikin ƙashina, sai dai addu'ar ta daina yi min kamar a tulu. Ban roƙi a warware ta wannan hanya ba, ban ma san akwai hanyar ba.

Yanzu ga ta nan a gefena, ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Yaya Umaru, ina gaisuwa. Na yafe, kai ma ka yafe zagin da na yi. Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma ban taɓa tambayar kowa ba. Tunda ya yi kwana huɗu, ko Baba ya yi masa huɗuba? In an yi, da wane suna? In ba a yi ba kada ka ƙirƙiro don ka faranta min. Ina so in san abin da zan ce in ina roƙa mana haɗuwa."

Shi ke nan abin da ta ce. Salihu zai juyo ranar Alhamis, tana ƙirga kwanakin. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Zaituna

*

Nguru
4 ga Mayu

Da sunan Allah.

Aisa, aminci a gare ki. Allah Ya sa albarka a sabon mazauni. Na gode da yafiya.

An yi masa. Ranar Laraba da safe, a ƙofar ɗakinki, kina kwance ba ki sani ba. Ni na riƙe shi, Baba ya sunkuya ya yi masa a kunnen dama. Ya buɗe ido. Madarar kuma ya sha sosai, har yana kama cokalin.

Sunansa Yusuf. Ki kira shi da shi, da ƙarfi in kin so. Waɗanda za ki ji kunyarsu duk sun riga mu.

Yayanki,
Umaru